BIN SAWUN BIRI MAI GANGA A DAJIN KIBALE

 

Hausawa na cewa biri ya yi kama da mutum. Yau za mu yi magana bisa birin da ya fi kowane biri kama da mutum. Babu shi a ƙasarmu ta Nijar. Yana zaune cikin kurmi, a ƙasashen da ruwan sama ya yi yawa. Mutane na tasowa daga nesa, su biya kuɗi masu yawa, su yi tafiyar ƙasa cikin laka, don su gan shi na awa guda. Za mu ji yadda ake neman shi. Za mu ji kuma dalilin da ya sa aka yanke awa guda, ba a ƙarawa.

WACE DABBA CE?

Da faransanci sunanta shampanze. A Najeriya, cikin jihar Taraba, akwai babban gandun daji da ake kira Gashaka Gumti. Akwai wannan dabba a can. Masu jin Hausa na wajen suna ce mata biri mai ganga. Da wannan suna za mu yi aiki. Nan gaba za ku ji inda ganga ta shigo.

Kada ku haɗa shi da jan biri mai ɓarna a gonakinmu. Kada ku haɗa shi da gwaggon biri na gandun W, kudu da Yamai. Biri mai ganga ba shi da wutsiya. Gashinsa baƙi ne. Hannuwansa sun fi ƙafafunsa tsawo. Yana da yatsu biyar da farata irin namu. Babban namiji yana kai kilo 40 zuwa 60. In ya miƙe tsaye bai kai tsawon babban mutum ba, amma ya fi shi ƙarfi.

Masana sun auna ƙwayoyin gado na jikinsa, wato abin da ɗa ke gada daga uwa da uba. Sun tarar kashi 98 cikin 100, ko fiye, daidai suke da namu. Ku riƙe wannan magana. Za mu komo kanta.

Haihuwarsa ba ta da sauri. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 13 ko 14. Cikinta wata takwas ne. Ɗa guda take haifa. Tana shayar da shi, tana goyon shi bisa bayanta, har shekara huɗu ko biyar. Ba ta sake haihuwa sai bayan shekara biyar ko shida. Akuya na iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. To, kun ga bambanci. In garken biri mai ganga ya rasa uwa guda, an daɗe ba a mayar da gurbinta ba.

Ana samun shi a ƙasashe 21 na Afirka, daga Senegal har Tanzaniya. Masana na ƙiyasin waɗanda suka rage tsakanin dubu 170 da dubu 300. A maƙwabtanmu Benin da Burkina Faso, da kuma Togo, dā akwai shi. Yanzu ba a ganin shi.

INA NE KIBALE?

Kibale gandun daji ne a yammacin ƙasar Uganda, can gabashin Afirka. Yana kusa da garin Fort Portal. Daga babban birni Kampala, tafiyar fiye da kilomita 300 ce a mota. Faɗin gandun ya wuce murabba'in kilomita 750. A 1932 aka fara keɓe dajin. A 1993 aka mayar da shi gandun ƙasa.

Damina biyu ake yi a can cikin shekara guda. Ruwan da ke sauka ya kai milimita 1500 zuwa 1700. Wannan ya ninka na Maraɗi kamar sau uku. Shi ya sa itatuwa ke tsawo, wasu har mita 40 ko fiye. Rassansu sun haɗe a bisa kamar rufin ɗaki. Da tsakar rana ma ƙarƙashinsu da duhu-duhu. Ƙasa a jiƙe take kusan kullum.

Irin birai 13 ne a cikin wannan daji. Biri mai ganga kaɗai ya kai wajen 1500. Akwai kuma giwaye, da ɓauna, da gada, da aladen daji.

YADDA AKE SABAR DA SHI DA MUTUM

Biri mai ganga na tsoron mutum. In ya hango ka, sai ya sauko daga itace ya ɓace ba motsi. To, ƙaƙa baƙo ke iya tsayawa kusa da shi? Sai an sabar da shi tukuna.

A 1960 wata ƴar Ingila mai suna Jen Gudal ta sauka a dajin Gombe, bakin tafkin Tanganyika, a ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu. Wannan ba Gomben Najeriya ba ce. Shekarunta 26 a lokacin. Ta yi watanni biran na gudun ta. Kullum sai ta hau tudu ta zauna inda za su gan ta, ba ta matsa musu ba. Sannu a hankali suka daina gudu. A nan ta ga wani namiji ya tsinke kara, ya zage ganyensa, ya zura shi cikin suri, ya jawo gara ya ci. Kafin nan masana na zaton mutum kaɗai ke gyara kayan aiki. Ta rasu a 2025.

A farko ta yi ta ba su ayaba don su matso. Daga baya aka ga illar haka: suna faɗa bisa abincin, suna kuma matsowa jikin mutane fiye da kima. Aka daina. Yau ba a sabar da su da abinci.

Hanyar da ake bi yanzu ita ce ta haƙuri. Ma'aikata na bin garke guda kullum, daga asuba har faɗuwar rana. Ba su ɓuya. Ba su hayaniya. Ba su ba da kome, ba su ƙwace kome. Da farko biran na gudu. Bayan watanni, manyan maza su fara tsayawa suna kallo. Mata masu goyo su ne na ƙarshen yarda. Aikin na cin shekara biyu, ko uku, wani lokaci biyar ko fiye. Abin da ake so shi ne birin ya ɗauki mutum kamar kututture: ba abin tsoro, ba abin so.

A Kibale, wani masani ɗan Uganda, Gilbert Isabirye-Basuta, ya fara bin garken Kanyawara a 1983. Richard Wrangham ya ci gaba da aikin daga 1987. Garken Kanyawara da na Ngogo an sabar da su don bincike. Ana kai baƙi wajen garken Kanyanchu tun 1993. Biran wannan garke sun wuce 100.

RANAR BIN SAWU

Aiki na farawa tun jiya. Da marece kowane babban biri na hawa itace, ya lanƙwasa rassa, ya saƙa wa kansa gado. Cikin ƴan mintoci ya gama. Kowane dare sabon gado yake yi. Ɗa na kwana da uwarsa. Masu bin sawu na lura da inda suka kwanta, su komo wurin tun da asuba.

Baƙi na taruwa a Kanyanchu wajen ƙarfe takwas na safe. Akwai wata tafiyar kuma da ƙarfe biyu na rana. A duba takardar izinin kowa. A gaya musu dokoki. A raba su ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum shida-shida. Kowace ƙungiya da jagoranta. Akwai mai riƙe da bindiga, don in an yi karo da giwa ko ɓauna a harba sama ta kauce. Kowa na cusa ƙafar wandonsa cikin safa, saboda kwarkwasa.

Garke ba ya tafiya wuri guda kamar tumaki. Da gari ya waye sai su rarrabu, nan uku, can goma, wani shi kaɗai. Anjima su haɗu, su sake rabuwa. Shi ya sa ko an san inda suka kwana, sai an neme su. Makiyayi da ya ɓatar da saniya ya san irin wannan aiki. Ga alamomin da jagora ke dubawa.

Na ɗaya, kira. Biri guda ya fara huci a hankali, hu, hu, hu, muryar ta yi ta hawa har ta zama kururuwa. Sauran su amsa daga nesa. Ana jin wannan kira daga kilomita guda ko fiye. Shi ya sa jagora ke yawan tsayawa, ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

Na biyu, ganga. Kun san gindin rimi, yadda saiwoyinsa ke fitowa fala-fala kamar allo. Itatuwan kurmi da yawa haka suke. Namiji na shekowa a guje, ya kama saiwar da hannu, ya yi ta dukan ta da ƙafa da hannu. Ƙarar na ratsa daji kamar ta ganga. Nan ya samo sunansa. Masana a dajin Budongo, cikin Uganda, sun gano kowane namiji da salon kiɗansa. Ƴan uwansa na gane wane ne, kuma a ina yake.

Na uku, gado. In ganyensa ɗanye ne shar, na daren jiya ne. In ya yi yaushi, ya kwana biyu.

Na huɗu, ragowar abinci. Ƴaƴan itace ne babban abincinsa, musamman ɓaure. Yana tauna su, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar a dunƙule. In tuƙar da danshi, bai yi nisa ba. Jagora ya san kowane ɓaure na yankinsa da lokacin nunarsa. Inda ɓaure ya nuna, can ake fara dubawa.

Na biyar, sawu. In yana tafiya a ƙasa, yana naɗe yatsun hannu ne ya dogara bisa gaɓoɓinsu. A laka sai ka ga ƴan ramuka a jere, da sawun ƙafa mai babban yatsa a ware.

Wata rana cikin rabin awa an same su. Wata rana sai an yi awa uku ana hawa da gangara. Wata rana a komo ba a ga kome ba. Masu gandun na cewa cikin tafiya goma, tara ana dacewa.

ABIN DA AKE GANI

Da an same su sai jagora ya duba agogo. Daga nan awa guda ta fara.

In suna bisa, sai ka ɗaga kai har wuya ya gaji. Ɓawon ɓaure na zubo maka. In sun sauko, nan ne kallo. Ga biyu zaune, ɗaya na tsefe gashin ɗaya, yana cire ƙwari da datti. Wannan tsifa ita ce zumuncinsu. Da ita ake ƙulla abota, da ita ake shiryawa bayan faɗa. Ga yara na kokawa, suna yi wa juna cakulkuli, suna wani huci mai kama da dariya. Ga uwa kwance, ɗanta na wasa da yatsun ƙafarta.

Kowane garke da babban namiji mai faɗa a ji. In zai nuna isa, gashinsa ya tashi, ya ja reshe a guje, kowa ya kauce. Ƙarfi kaɗai ba ya riƙe masa sarauta, sai da abokai masu goya masa baya. Maza na zama garken da aka haife su har mutuwa. Ƴan mata ne ke ƙaura zuwa wani garke in sun balaga.

Kada ku zaci dabba ce mai sanyin hali. Suna haɗuwa su farauci wani ƙaramin biri mai jan kai da ake kira kolobus, su raba naman. Maza na sintiri bakin iyakarsu. In sun ritsa baƙon namiji shi kaɗai, suna iya kashe shi.

Suna da dabaru. In ruwa na cikin kogon itace, biri ya tauna ganye, ya tsoma, ya tsotsa. Wani lokaci yana haɗiye ganye mai kaushi ba tare da taunawa ba, ganyen ya fito da tsutsar ciki. Dabarun wani daji ba su ne na wani ba. Na Gombe na kamun gara da kara. Na dajin Tayi a Kodibuwa na fasa ƙwallon itace da dutse. Yaro na koyo ne wajen kallon uwarsa.

DOKOKI DA DALILINSU

Ga dokokin da ake gaya wa kowane baƙo:

1. Mai mura, ko tari, ko zawo, ba ya shiga.
2. Kowa ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki.
3. A bar tazarar aƙalla mita 7 tsakanin mutum da biri. Wasu gandaye sun ce mita 10. In birin ya matso, kai ka ja baya.
4. Ba a cin abinci kusa da su. Ba a ba su kome. Ba a yar da kome.
5. Ba a kwaikwayon kukansu. Ba a ɗaukar hoto da walƙiya.
6. Yaron da bai kai shekara 12 ba, ba ya shiga.
7. Awa guda ta cika, a juya.

Wani zai ce: mutum ya biya kuɗinsa, don me za a takura masa haka? To, mu koma maganar da muka ce ku riƙe. Jikin biri mai ganga ya yi kusa da namu ƙwarai. Cutar da ke kama mu tana kama shi. Mu mun saba da mura tun muna yara, mu yi kwana uku mu warke. Shi jikinsa bai san ta ba. Murar da ba ta hana ka zuwa gona tana iya sauka a huhunsa ta kashe shi.

An ga haka da ido. A 1966 cutar shan inna ta shiga garken Gombe. Wasu suka mutu, wasu suka shanye. A 2013 tari ya shiga garken Kanyawara a Kibale. Biran 56 ne, biyar suka mutu, har da ƴar shekara biyu. Likitoci suka auna, suka tarar ƙwayar murar mutane ce. A farkon 2017 wata cutar numfashi ta mutane ta shiga garken Ngogo mai birai wajen 200. Ta kashe 25.

Yanzu ku sake duba dokokin. In mutum ya yi atishawa, feshin na tafiya ƴan mitoci cikin iska: ga dalilin tazara. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar cuta bai sani ba, don bai ji ciwon kome ba: ga dalilin takunkumi. Tun annobar korona ta 2020 aka ƙara tsananta shi. Yara sun fi manya yawan mura: ga dalilin hana su. Ragowar abinci na ɗauke da yawun mai shi. Kuma iyakar daɗewar mutum kusa da su, iyakar yawan haɗarin: ga dalilin awa guda. Rigakafi ya fi magani, balle ga dabbar da ba a iya kai ta asibiti.

Akwai wani abu kuma. Birin da aka sabar ya daina gudun mutum. Ba ya bambanta baƙo da mafarauci. Wanda ya cire masa tsoro, tsaronsa ya hau kansa har abada.

MUTANEN BAKIN DAJI

Kibale ba a cikin jeji yake shi kaɗai ba. Ƙauyuka sun kewaye shi. Manoma ne kamar ku. Suna noman ayaba, da masara, da rake, da ganyen shayi. Zama da gandun bai zo musu da sauƙi ba. A 1992 an tashi dubban mutane daga wani yanki na kudancin dajin. An hana saran itace da farauta. Giwa na fitowa da dare ta tattake gona. Gwaggon biri na ɓarnar masara. Biri mai ganga ma na shiga rake. A wasu wurare an gina dogayen ramuka a bakin gandun don tare giwaye.

Wasu na shiga a ɓoye su ɗana tarkon waya don gada da aladen daji. Tarko bai san gada ba, bai san biri ba. Biri ya sa hannu, ya fizga, wayar ta shige cikin nama. A garken Kanyawara an taɓa ƙirgawa, kamar ɗaya cikin uku na da raunin tarko: wani ba yatsu, wani ba hannu. Tun 1997 akwai ƴan sintiri da aikinsu ke nan, neman tarko da kwance shi.

To, me manomi ke samu? A 2024 an ɗaga kuɗin takardar izini na baƙon ƙasar waje zuwa dolar Amurka 250. Wajen jika 150 ke nan na kuɗinmu. Ƴan ƙasa na biyan ƙasa da haka nesa. Dokar Uganda ta ce kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandu a ba ƙauyukan da ke kewaye. Da shi ake gina azuzuwan lakkol, da ɗakunan shan magani, da rijiyoyi. Samari na samun aikin jagora, da tuƙi, da dafa abinci a masaukin baƙi. A ƙauyen Bigodi, mutanen gari sun kafa ƙungiyarsu a 1992. Suna zagayawa da baƙi cikin fadamarsu don kallon birai da tsuntsaye. Da kuɗin suka gina makarantar sakandare.

Amma maganar ba ta ƙare ba. Wanda giwa ta cinye wa gona, ajin lakkol ba ya cika masa rumbu. Manoma da yawa na cewa rabon bai kai ɓarnar ba. In mutanen bakin daji ba su ga amfaninsa ba, tarko ba zai ƙare ba. In biran suka ƙare, baƙi ba za su zo ba, kuɗin ma ya yanke. Mutanen Kure, inda aka saba kai baƙi kallon raƙuman dawa a nan ƙasarmu, sun san irin wannan lissafi.

TAMBAYOYI

Ku tattauna waɗannan tare da malaminku, kowa ya rubuta amsarsa:

1. Don me ake ce wa wannan dabba biri mai ganga?
2. Ku faɗi alamomi uku da jagora ke dubawa.
3. Don me mai mura ba ya shiga dajin?
4. A garken Kanyawara birai 56 ne, biyar suka mutu. Nawa suka rage?
5. Mutum shida sun biya jika 150 kowanensu. Jika nawa ke nan?
6. Wace dabba ce kakanninku suka sani a dajin garinku, wadda yanzu ba a ganin ta? Me ya kore ta?

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.